Daga Garwa zuwa Kiribi da iyali: yadda za ka tsara mako guda a bakin teku

Wani ɗan'uwa daga Garwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya samu hutun mako guda a wurin aiki, yana so ya kai uwargida da yara uku su ga teku, domin duk gidan ba wanda ya taɓa ganinsa. Yana tambaya: cikin garuruwan bakin teku na kudancin Kamaru, Kiribi ko Limbe? Wane wata ya fi? Ta wace hanya? Kuma Musulmi da iyalinsa za su sake a can?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Aikin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa da Cadi ya zaunar da ni a Duwala da Kiribi shekaru masu yawa, kuma na sha karɓar baƙi daga gida, don haka zan gaya maka abin da na gani yana yi wa mutanenmu daɗi da abin da ke ɓata musu tafiya.

Ka je Kiribi. Limbe gari ne mai kyau, yana gindin Dutsen Kamaru, yashin bakin ruwansa baƙi ne saboda aman wutar dutsen, akwai tsohon lambun itatuwa da Jamusawa suka kafa a 1892. Amma yana cikin yankin Kudu maso Yamma da ke fama da rikici tun 2016, ruwan sama ya fi yawa a can, kuma Turanci da burokin ake yi. Kai da ka saba da Faransanci, ga yara a hannu, Kiribi ya fi maka kwanciyar hankali. Farin yashi ne, garin kuma ƙarami, a yini ɗaya ka san kansa.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, makon naka guda kwana uku ne cikakku a bakin teku. Sauran hanya ce ta cinye. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, ga hawan dutsen nan kafin a shiga gari inda manyan motoci ke jan jiki. Daga Ngaundere jirgin ƙasa na Camrail yana tashi da yamma, ya kwana yana tafiya sama da kilomita 600, ya bi ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko, ya isa Yawunde da hantsi idan bai makara ba, kuma yakan makara. Da iyali kada ka yi tsimin kuɗi a nan: ka kama ɗakin kwana mai gado huɗu, ku rufe ƙofarku, ƙaramin yaro ya kwana da uwarsa. A je da katin shaida wajen yankar tikiti, kuma a yanka da wuri, ba ranar tafiya ba. Akwai motocin da ke bi ta Meiganga da Garwa Bulai da Bertuwa, sun fi araha, amma zaman mota dare da rana da yara uku wahala ce da za ta bi ku har bakin ruwan. Mai hali yana iya hawan jirgin sama daga Garwa zuwa Duwala ko Yawunde ya rage kwana biyu.

A Yawunde, motocin Kiribi suna tashi daga unguwar Mvan. Idan yunwa ta kama ku ko ana son a yi wanka a yi salla cikin natsuwa, Birketiri na nan, unguwar mutanenmu ce, ba ka rasa wanda ka sani. Amma kada zumunci ya riƙe ku har la'asar. Hanyar Yawunde zuwa Edeya ita ce babbar hanyar Duwala, cike take da motocin katako da tankokin mai, ban yarda a bi ta da dare ba. A Edeya ake karkata kudu, a yi wasu kilomita ɗari da 'yan kai cikin gonakin kwakwar manja, a haye kogin Nyong, sai a fara hango ruwa ta hannun dama. Jimillar tafiyar daga Yawunde kusan kilomita 280 ce, awa huɗu zuwa biyar, ya danganta da shingayen jandarma.

To tun da kwana ukun ne kawai, sai a zaɓe su da kyau, kuma ba otal ne zai zaɓa maka su ba, masunta ne. A bakin kogin Kienke, wanda ya raba garin biyu, akwai wurin saukar da kifi na unguwar Mbowa Manga, wanda aka gina da taimakon ƙasar Japan. Kowa a garin debarkadar yake kiransa, haka za ka ce wa mai babur. Masu manyan kwale-kwale suna fita su kwana biyu ko uku a teku, kuma ranakun Laraba da Asabar ne suka fi dawowa. Ranar Asabar mutanen Duwala da Yawunde sun cika garin, kuɗin ɗaki ya hau, kiɗa ya tashi a bakin ruwa. Laraba kuwa kifin ne dai iri ɗaya, amma garin na masu shi ne. Saboda haka ga yadda zan tsara maka: ku bar Garwa Litinin da asuba, ku hau jirgi Litinin da yamma, Talata kafin magariba kuna Kiribi, ku wayi gari Laraba a debarkadar. Asabar da sassafe, lokacin da 'yan shaƙatawa ke shigowa, ku kuna fita, ku tarar da jirgin yamma a Yawunde, Lahadi da dare kuna gida.

Ranar Larabar nan ita ce zuciyar tafiyar. Ku je da hantsi ku tsaya gefe tukuna, kada ku yi saurin taya komai. Za ku ga ana jawo kwale-kwale, samari na sauke kifi a manyan robobi, ana zubawa a kan dandamali, mata 'yan sari suna kewaye suna ciniki da ƙarfi. Yawancin kifin da za ku gani ba ku san shi ba. Ba tarwaɗa, ba karfasar tafkin Lagdo. Akwai wanda suke kira bar, shi ne na kowa, namansa fari, ƙayarsa kaɗan, shi zan ba yara. Akwai sol, mai faɗi kamar an danne shi, idanunsa biyu a gefe ɗaya, wanda yara za su tsaya kallo. Akwai barakuda dogo mai haƙora, akwai ƙaguwa, akwai jatan lande manya da garin ya yi suna a kansu. Idan an ce maka kapiten, kada ka ɗauka giwan ruwan Binuwai ne, na teku wani kifi ne dabam, ko da yake shi ma yana da daɗi. A kilo ake sayarwa, ka sa ido a kan ma'auni, ka kuma tambayi mutum biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi, domin babbar riga da hula suna ƙara wa kifi tsada a wurin nan. Sabon kifi idonsa garau yake, cikin kunnensa ja, in ka danna jikinsa da yatsa naman ya dawo.

In ka saya, a nan gefe akwai mata masu gashi. Ka ba ɗaya kifinka, ku yi cinikin kuɗin gashi da na abin haɗawa tun kafin ta ɗora a wuta, ta wanke, ta shafa masa kayan yaji, ta gasa a gawayi. Ana ci da soyayyar agada ko da bobolo da miyondo, wato rogon da aka jiƙa ya yi tsami, aka naɗe a ganye aka dafa. Mutanenmu da yawa ba sa son warinsa a karon farko. A ɗanɗana dai, in bai karɓe ku ba agada na nan. Ka gaya mata a ware barkono gefe saboda yara, barkonon kudu ba wasa ba ne.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta addini, kuma a nan sauƙi ya fi yawa. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka, har jatan lande da ƙaguwa. Hadisin da ke cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne yana cikin Muwaɗɗa, don haka ko alwala ta kama ka a bakin ruwa, ka yi da shi. Nama ne abin lura. Kada ka ci naman gidan abinci sai ka san mahaucin, kuma a kudu ana sayar da naman daji iri-iri. Masu tsire da masu shayi a garin galibi 'yan arewa ne, ka yi musu sallama da Hausa ko Fulatanci, su za su nuna maka masallaci da inda ake yanka. Ranar Juma'a za ka samu jam'i. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa: tekun yana yamma, ka ba shi baya, ka ɗan karkata hagu. Kuma da tsarin nan da na ba ka, zamanku bai kai kwana huɗu cikakku ba, kuna cikin hukuncin matafiya ke nan wajen ƙasaru, amma ka ƙara tuntuɓar malaminku kafin ku tashi.

Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne giya da shigar bakin ruwa. Garin 'yan hutu ne, kusan kowane otal da mashayarsa, kuma daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi za ka ga abin da ba ka so yara su gani. Maganinsa biyu ne. Na farko, maimakon otal ka kama gidan haya mai kayan ɗaki da kicin, irin wanda suke kira meble. Uwargida ta zo da garin tuwonta da kukarta da daddawarta, ku sayi kifi ku yi miya, kuɗin abinci ya ragu ƙwarai. Ka duba ruwan famfo da wuta da gidan sauro kafin ka biya, ka tambaya ko akwai janareto. Na biyu, ku riƙa fita bakin ruwa bayan sallar asuba zuwa hantsi. A lokacin ba kowa sai masunta masu jan koma da 'yan motsa jiki, rana ba ta yi zafi ba, uwargida za ta iya taka ruwa da hijabinta ba mai kallonta.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi, don Allah ka karanta wa yaran ita. Wanda ya iya iyo a Binuwai ko a tafkin Lagdo bai iya teku ba. Kogi gaba ɗaya yake tafiya, ka san inda ya nufa. Teku kuwa yana turo igiyar ruwa ta fashe a gaɓa, sannan ruwan da ya hau yashi dole ya koma, kuma ba ko'ina yake komawa daidai ba. Yakan tattaru ya yanki wata siririyar hanya ya fice da gudu, kamar yadda mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, ke taso wa mutanen Marwa da damina: wuri na nan shiru, kafin ka ankara ya kwashe ƙafarka. Mugun abin shi ne wurin da wannan jan yake shi ya fi kama da wurin lafiya, domin a nan igiyar ba ta fashewa, ruwan ya yi lumui, launinsa ya ɗan yi duhu ko ya gauraye da yashi. Baƙo sai ya ce bari in shiga nan da ba hayaniya. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya juyo. A yawancin bakin ruwan Kiribi ba ma'aikacin ceto da ke zaune yana jiran ka. Dokata ga baƙina ita ce: babba iyakarsa ƙugu, yaro iyakarsa gwiwa kuma hannunsa cikin na babba, ba a ba teku baya, ba a hawa duwatsun da ruwa ke duka don ɗaukar hoto. Doguwar riga da zani in sun jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa, saboda haka uwargida ta tsaya inda ruwa ke shafar idon sawu. Kafin ku shiga ko'ina, ka tambayi masunci, ba mai otal ba.

Akwai kuma cika da janyewa. Sau biyu a dare da yini ruwan yake hawa ya sauka, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin. Wata ne ke jansa, shi ya sa ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mu da muke lissafin kwanan wata ba sai an ba mu takarda ba. Amfanin sanin wannan shi ne, inda kuka shimfiɗa tabarma kuka ajiye takalma da waya da ƙarfe tara, da azahar yana iya zama cikin ruwa. Lokacin janyewa ne yara suka fi jin daɗi, ga fili, ga ƙananan ƙaguwa suna gudu, ga bawon katantanwa na tsinta.

Ranar Alhamis ku je Lobe, kilomita bakwai ko takwas kudu da gari. A nan kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu, tsayin kusan mita ashirin, ya faɗa cikin teku kai tsaye, abin da ba kasafai ake samu ba a duniya. Bayan ruwan sama yakan cika ya yi ƙara, da rani yakan rabu gida-gida, amma a lokacin ne aka fi iya matsawa kusa. Samari za su tare ku tun daga inda mota ke tsayawa, kowa na cewa shi ne jagora. Ka zaɓi ɗaya, ku gama magana a kan kuɗi, zuwa da dawowa, mutum nawa, kafin kowa ya sa ƙafa a kwale-kwale, kuma in ba rigar ruwa ga yara, a haƙura a kalla daga gaɓa. Matan wurin suna kama jatan landen kogi da 'yan kwandunan gora, suna soyawa da tafarnuwa. Za kuma a yi maka tayin hawa kogi zuwa zangon Bagyeli, mutanen dajin nan gajeru. Ni ba na kai baƙona. Abin ya zama a tara bayin Allah su yi rawa a ɗauke su hoto, kuɗin kuma kaɗan ne ke isa hannunsu. Hawan kogin kansa, cikin dogayen itatuwa da kukan tsuntsaye, ya isa abin kallo ga yaron da ya tashi a Garwa.

Cikin gari abin gani bai da yawa, da yamma ɗaya an gama. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, da tsohon cocin Katolika na mishan ɗin da aka kafa tun 1891, duka kusa da bakin kogin. A zamanin Jamus ta nan ake fitar da roba da hauren giwa, 'yan dako suna ɗaukowa a ka tun daga Yawunde ta Lolodorf. Masu garin su ne ƙabilun Batanga da Mabi. A yaƙin duniya na farko an kwashe Batanga aka kai su gindin Dutsen Kamaru, suka dawo a 1916, shi ya sa kowace 9 ga Mayu suke bikin Mayi, su shiga ruwa da tseren kwale-kwale. In kun tsaya a gaɓa bayan magariba za ku hango fitilu can cikin teku. Ka nuna wa yara ka ce musu ga inda man Cadi ke ƙarewa: bututun da ya taso daga Doba, kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, a nan yake shiga ƙarƙashin ruwa zuwa wani jirgin ajiya inda jiragen dakon mai ke lodi. Sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi kuma tana Mboro, kusan kilomita 35 kudu, ta fara aiki a 2018. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne, ba a shiga sai da takarda, kada ka ɓata kuɗin mota. Ita ce dai ta sa haya da filaye suka yi tsada a garin.

Safiyar Juma'a, in da ƙarfi, Lonji na nan arewa da gari, ƙauyen masunta ne a cikin wani lungun teku da ruwansa ya fi kwanciya, ana kuma banda kifi. Ebodje, inda kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai, da gandun dajin Kampo Ma'an, suna da nisa ga mai kwana uku. A bar su sai wani zuwan.

Batun wata kuwa, ka manta da lissafin rani da damina irin namu. Garwa tana samun ruwan sama wajen milimita dubu a shekara, Kiribi kusan ninki uku. Rani babba daga Disamba ne zuwa Fabrairu, ruwa ya dawo daga Maris zuwa Yuni, ya ɗan tsagaita a Yuli da Agusta, sannan Satumba da Oktoba a yi ta sheƙawa. Mafi kyau shi ne farkon Disamba, ko daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Ka guji makon Kirsimeti da sabuwar shekara, ɗaki ma sai da rabo. In hutun yara ya tilasta maka Yuli ko Agusta, za a iya, sai dai gari yakan yi lumshi kuma ruwan ya fi tashi. Zafin can bai kai na Garwa a watan Afrilu ba ko kusa, amma gumi ba ya bushewa, wanki ma yakan kwana biyu da danshi, don haka a ɗauki kaya marasa nauyi da ɗan yawa. Sauro na nan duk shekara, ga wasu ƙananan ƙwari na yashi da ke cizo da yamma. Gidan sauro, man shafawa na korar sauro, ruwan gora ga yara, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi a can ko bayan dawowa a gwada jininsa ba jinkiri.

Kuɗi ban sa maka lissafi ba domin farashi yana motsi, amma ka sani kuɗin hanya na mutum biyar shi ne kaso mafi girma, sai masauki, abinci ne ƙarami in kuna girki. Ka bar yawancin kuɗin a Orange Money ko MoMo, ka riƙe canji a aljihu don masu babur, waɗanda a kudu ake kira bensikin. Kowane babba da katin shaidarsa, yara da takardar haihuwa ko katin makaranta. 'Yan'uwanmu na Njamena da za su biyo ta Kusiri, kuɗin sefa ɗaya ne, ba biza tsakanin ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, amma a riƙe fasfo da katin rigakafin shawara.

Tsaraba kada ka ɗauko ɗanyen kifi, ko da ƙanƙara ba zai kai Garwa ba. Ka sayi busasshen jatan lande da bandar da ta bushe ƙayau, a naɗe a takarda a sa a kwali, ba a leda ba, don leda tana sa ta gumi ta yi fumfuna kafin Ngaundere. Tikitin komawa kuma ka yanke shi ranar Talata da kuka sauka a tashar Yawunde, kafin ku nufi Mvan, domin ɗakunan kwana na jirgin Asabar suna ƙarewa da wuri.